Gogewa Daban, Raguwa Daban



Wasu daga cikinmu muna da tsofaffin littattafai da aka tsara da PageMaker, manhajar da Adobe ya fitar da zubinta na ƙarshe a 2001. Sababbin kwamfutoci ba sa jituwa da ita sosai, shi ya sa muke girka VirtualBox, mu ƙirƙiri wata kwamfuta a cikin tamu, mu ɗora mata tsohuwar Windows don mu riƙa buɗe ayyukanmu na da.

Duk ajiyar wannan baƙuwar kwamfuta tana cikin fayil guda mai ƙarewa da .vdi. Yana kumbura duk lokacin da muka zuba masa kaya, amma ba ya saɓewa idan muka goge. Sai mu share giga 10 a ciki, mu leƙo waje mu tarar yana nan yadda yake, ga laftof ɗinmu na kukan rashin wuri.

Dalili kuwa, gogewa soke suna ne kawai daga rajista. Kamar ɗan haya ne da aka cire sunansa daga littafi alhali kayansa na nan jibge a ɗaki. Shi VirtualBox bai san da rajistar ba. Wurin da babu komai sai sifili, shi kaɗai yake ɗauka fanko.

Don haka sai mu fara da kwafe fayil ɗin zuwa wata ma'ajiya. Mu shiga baƙuwar kwamfutar, mu goge tarkace, mu sa SDelete na Microsoft ya cike wuraren da aka bari da sifili ta hanyar umarnin sdelete -z c:. Sannan mu kashe ta gaba ɗaya, mu dawo babbar kwamfuta mu rubuta: VBoxManage modifymedium disk littafi.vdi --compact, da sunan namu fayil ɗin a gurbin littafi.vdi. A nan ne zai rage.

Amma mu kula. Kafin a zuba sifilin, babin da aka goge bisa kuskure ana iya samo shi da manhajar dawo da fayil. Bayan an zuba, ya tafi ke nan. Mu fitar da kowane rubutu waje, mu buɗe shi mu tabbatar yana karantuwa, har da ƙ da ɗ da ɓ, kafin mu taɓa komai.

Allah Ya ƙara basira.