Motar da ba ta da geji

Ni tsohon direba ne, mutumin Matameye. Ina so in ba ku labarin wani kuskure da na yi da hannuna, don kada wani ya maimaita shi. Ba ni jin daɗin faɗinsa, amma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba.

A shekarar 1979 na fara karen mota, a bayan wata Peugeot 404 akori-kura. Mukan ɗauki rake da gyaɗa da fasinja, mu bi ta Kance da Takeita mu shiga Damagaram. Wata rana kuma mu nufi Ɗan Barto, mu tsallaka zuwa Daura da Kano. Aikin farko da maigidana ya koya mini shi ne duba baƙin mai. Kullum da asuba, kafin a ta da mota, sai in buɗe bonet, in zaro geji, wato siririn ƙarfen nan da ke nutse cikin mai. In goge shi da tsumma, in mayar, in sake zarowa. Akwai zane biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa. In mai ya tsaya tsakaninsu, lafiya lau. In ya sauka ƙasa, a ƙara. Daga nan in murza man tsakanin yatsu biyu, in ji kaurinsa, in sansana. Wannan karatu ne wanda ba ya bukatar lakkol. Shekara arba'in ina yin sa, a 404, da 504, da Hiace, bai taɓa ba ni kunya ba.

To, a shekarar 2021 babban ɗana, wanda ke aiki a Agadas, ya tara kuɗinsa ya sayi wata mota ƙirar Jamus, ta hannu, irin waɗanda aka shigo da su daga Turai ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ya kawo ta gida ya ba ni makulli. Ya ce, "Baba, ka riƙe ta a wurinka. Kai ne ka san mota, kuma ga Inna da zuwa asibiti." Inna ita ce mahaifiyata, tana fama da ciwon ido, likita kuma ya sa mata ranar komawa babban asibitin Damagaram.

Ranar tafiya ta zo. Na ta da mota da sassafe a ƙofar gida, sai ga wata ƴar buta ruwan ɗorawa ta kama a allon gaban direba. Ƙarƙashinta ga rubutu da Jamusanci. Ban gane kome ba a ciki sai lamba 1 da harafin L. Na ce wannan mai sauƙi ne, bari in duba geji. Na buɗe bonet, na duba dama, na duba hagu, na leƙa bayan inji. Babu geji. Na kira maƙwabcina muka duba tare. Babu shi, babu ma ramin da zai shiga. Murfin zuba mai kaɗai muka gani.

Na aiki yaro tasha ya sayo lita ɗaya. Na juye ta duka, na ta da mota. Buta na nan, rubutu na nan. Na ce a raina, ashe ƙishirwar ta fi haka. Na sake aikawa, na zuba ta biyu. Buta ba ta motsa ba. Nan fa tsoro ya kama ni, na ɗauka injin ya bushe ƙaf, kuma motar ba tawa ba ce. Ga rana tana ɗagawa, ga tafiyar sama da kilomita 80 a gabanmu, ga Inna zaune cikin mota da lulluɓinta. Na zuba ta uku, na rufe bonet, muka kama hanya.

Kafin mu kai Kance sai rubutun ya sake, wasu kalmomi daban suka fito. Ban kula ba, tunda duk Jamusanci ne, kuma launin bai canja ba. Da muka wuce Kance kaɗan sai motar ta fara rawa, ƙarfinta ya ragu. Na duba madubi na ga hayaƙi shuɗi yana tashi daga salansa kamar an sa wa bola wuta. Da lallaɓawa muka isa Takeita, na tsaya gaban wata rumfar makanikai.

Wanda ya fito mini yaro ne, bai kai ɗana shekaru ba. Ya leƙa allon, ya ɗauki hoton rubutun da wayarsa, wayar ta fassara masa. Ya ce, "Baba, wa ya zuba wa motar nan mai?" Na ce ni ne. Ya ce, "Lita nawa?" Na ce uku. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, don ba ya so ya yi dariya a gaban babba. Sa'an nan ya ce, "Baba, da safe ɗaya ta roƙa. Yanzu kuwa cewa take yi mai ya yi mata yawa."

Ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance ƙusar juye, ya tara man a daro, ya auna shi da gwangwanin lita a gabana. Ya wuce abin da injin ke ɗauka da kusan lita 2. Yana aiki yana yi mini bayani, ni kuma na zauna kan benci ina saurare kamar sabon karen mota. Abin da ya faɗa mini, da abin da na bincika daga baya, shi ne zan ba ku.

Tun wajen shekarar 2000 zuwa 2008 wasu kamfanonin Jamus, irin su Mercedes da BMW da Audi, suka fara fitar da wasu motocinsu babu geji. A maimakonsa sun sa wata ƴar na'ura a gindin kaskon da mai ke taruwa ƙarƙashin inji. Makanikai na kiranta sensa. Wata tana aika sauti wanda kunne ba ya ji, ya bugi saman mai ya dawo, ta lissafa zurfinsa. Wata kuma da lantarki take awo. Abin da ta samu sai ta aika wa kwamfutar mota, ita kuma ta rubuta a allo. Motocin nan su ne yanzu suka tsufa a Turai, suka iso hannunmu.

Ga inda na faɗi. Geji yana ba da amsa nan take. Sensa kuwa ba haka take ba. Mai yana kai da komo cikin kasko, yana kumbura in ya yi zafi, saboda haka kwamfuta ba ta yarda da awo ɗaya. Sai inji ya yi zafi, motar ta tsaya a wuri mai daidai, sa'an nan ta ba da sabon sakamako. Wasu motocin sai an yi tafiyar kamar kilomita 10 tukuna. Wasu ana tambayarsu inji na aiki, wasu sai an kashe shi an jira ƴan mintoci mai ya gangaro. Ni kuwa na tambaye ta da sanyin safiya, a ƙofar gidana mai gangare, minti ɗaya bayan na zuba. Amsar da ta ba ni tsohuwa ce. Litar farko ta isa, sauran biyun ɓarna ce.

Wani zai ce, ai yawan mai ya fi ƙarancinsa. Ni ma haka na ɗauka. To, ba haka ba ne. Bisa kaskon mai akwai babban ƙarfen nan da fistin ke juyawa, sau dubbai a minti ɗaya. In mai ya taso ya taɓa shi, sai ya dinga burga shi kamar yadda mace ke burga nono da maburgi, har ya zama kumfa. Famfon mai kuwa in ya ja kumfa, iska ya ja, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Ragowar man kuma ya nemi hanyar fita. Ya tsattsafo ta robobin da ke tare shi, ya bi hanyar iska ya shiga inda wuta ke ci, ya jiƙa fulogi, ya fita ta salansa. Shi ne shuɗin hayaƙin da na gani. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Allah ya taimake ni tafiyar ba ta yi nisa ba. Yaron ya wanke fulogi da hanyar iska, ya sa sabon mai daidai awo. Amma aikin ya ci yini guda. Inna sai motar haya na sa ta, tare da jikanta, ta isa asibiti a makare, aka ɗaga mata rana. Kuɗin da na kashe kuwa ya isa cefanen gidana na kwana da kwanaki.

Kafin ta hau motar hayar ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗanta na fari, Direba take ce mini. Ta ce, "Direba, ashe ba ka taɓa tsayawa ka ga ana sa gishiri a miya ba? Kaɗan ake sawa, a juya, a jira, a ɗanɗana. Wanda bai ji ba a ƙara. Wanda ya yi yawa kuwa ba ya fitowa." Ban ce kome ba.

To, ƴan'uwana direbobi da masu mota, ga abin da nake yi yanzu.

Na farko, ina duba launin butar. Ruwan ɗorawa na nufin mai ya ragu, a ƙara ba da jimawa ba. Ja kuwa na nufin mai ba ya zagayawa da ƙarfi cikin inji. In ka ga ja, tsaya gefen hanya ka kashe mota nan take, ko da saura kaɗan ka isa.

Na biyu, ba ni tambayar allo sai inji ya yi zafi, kuma motar na tsaye a wuri mai daidai.

Na uku, ba ni zuba fiye da rabin lita a karo ɗaya. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kamar lita 1 ce kawai. Sai in zuba rabi, in zagaya gari, in dawo in tambaya. In ta ce a ƙara, in ƙara sauran. In an zuba lita guda allo bai sake ba bayan tafiya, kada a ƙara ko ɗigo, a tafi wurin makanike. Sensa ma tana lalacewa. In ta lalace, sai a juye man a auna. Wasu injinan kuma an bar musu bututun geji da ɗan murfi, makanike na iya zura nasa ƙarfen awo.

Na huɗu, a yi hankali da wata dabi'a ta wasu motocin Volkswagen da danginsu. In ka buɗe bonet na ɗan lokaci, butar takan mutu da kanta, don motar ta ɗauka ka zuba mai. In ba ka zuba ba, za ta dawo bayan kamar kilomita 100. Mutuwar buta ba shaida ba ce.

Na biyar, irin man da za a zuba yana rubuce a littafin mota, da lambobi kamar 5W-30 ko 5W-40. Mai kaurin nan 20W-50 da muka saba da shi a 504 ba na waɗannan injina ba ne. Kuma lokacin hunturu a goge ƙura a bakin murfi kafin a buɗe.

Abu ɗaya nake kewa. Geji yana nuna mini launin mai da kaurinsa, allo kuwa ba ya ba ni abin da zan murza a yatsa. Saboda haka na sayi ƙaramin littafi na ajiye cikin mota. Ina rubuta ranar juye, da kilomita, da duk rabin litar da na ƙara. In na ga ƙarin yana yawaita, na san akwai inda man ke zuwa. Yaron nan na Takeita kuma ya juya mini harshen allon daga Jamusanci zuwa Faransanci, ya rubuta mini ma'anar saƙonni huɗu da Hausa a bangon littafin.

Da dare na kira ɗana na gaya masa duk abin da ya faru, ban rage kome ba. Ya ce, "Baba, ba kome, ni ma ban sani ba." Ya rufa mini asiri ne, Allah ya yi masa albarka. Amma ni na san laifina. Da na tsaya na nemi mai karanta mini layi ɗaya tun da safe, da Inna ta ga likita a ranarta. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.