Fita da Yara Ma Tana da Lokacinta

Yau labarin wani kuskure nawa na kawo muku, ko Allah zai sa wata ta tsira daga irinsa.

A hutun ƙarshen shekarar 2022 na matsa wa maigida ya kai mu Kano yara su ga Gidan Makama. Kullum ina ba ɗalibaina na Islamiyya labarin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ga shi 'ya'yan cikina ba su taɓa taka gidan da ya zauna lokacin yana Makama ba. Da yake ba ma karatu Alhamis da Juma'a, sai na zaɓi Juma'a, muka ɗauki har da Hajiya, surukata.

Abin da ban lissafa ba shi ne, gidan yana daf da fadar Sarki da babban masallacin Juma'a. Shirin yara ya cinye mana safiya, ba mu shiga gari ba sai wajen ƙarfe ɗaya, daidai lokacin da jama'a ke kwarara masallaci. Muka ajiye mota da nisa, muka taka. A cikin turmutsitsin nan autana ɗan shekara huɗu ya suɓuce daga hannuna. Minti goma kacal, amma wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wani mai sayar da turare ne ya riƙe shi yana kuka. Allah ya saka masa da alheri.

Ana sauko Juma'a muka nufi gidan abinci, kowa ma can ya nufa. Babu kujera ko ɗaya. Hajiya mai ciwon suga ce, jikinta ya fara rawa, sai dabino na lalubo mata a jaka. Muka juyo gida ba mu ga komai ba, mota shiru, ba mai cewa uffan.

Bayan mako biyu muka koma, ranar Talata. Tun dare na haɗa kaya, muka bar gida bayan asuba. Muna cikin baƙin farko. Jami'in da ya zagaya da mu ya samu sukunin amsa tambayoyin yara ɗaya bayan ɗaya. Suka ga ƙyauren tsofaffin ƙofofin gari, da sulke da sauran kayan yaƙi, suka ji yadda Turawa suka ci Kano a 1903. Hajiya kuwa a ɗakin amaryar da ta tsaya, tana nuna wa jikokinta irin jeren da aka yi mata. Ƙarfe sha biyu muka ci abinci a natse, kafin ma'aikata su fito cin na rana, sannan muka yi azahar.

Uwargida, in za ki fita da yara ko tsoho, ki fara tambayar kanki: yaushe kowa ke zuwa wurin nan? Sai ki riga su. Ki guji tsakar ranar Juma'a da kwanakin Sallah, ki ci abinci kafin azahar, ki sa wa ƙaramin yaro takarda mai lambar wayar babansa a aljihu.

Yaran nan amana ce a hannunmu. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.