Sauyin Ƙwayoyin Gado da Sankarar Huhu

Masu rubutun ajami sun san cewa ɗigo ɗaya kan sauya ma'ana. Harafin ba da ta da nun duk ƙirarsu ɗaya ce a tsakiyar kalma, ɗigo ne kawai yake rarrabe su. Idan mai kwafar littafi ya yi kuskure, duk wanda ya kwafa daga gare shi zai ɗauki kuskuren. Kusan haka lamarin yake a jikin ɗan Adam. Jiki ya ginu ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutu da masana suke kira DNA, mai haruffa kimanin biliyan 3, wanda ya ƙunshi ƙwayoyin gado wajen 20,000. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai an kwafi wannan rubutu. Kuskuren da aka samu wajen kwafar, ko lahanin da wata guba ta yi wa rubutun, shi ake nufi da sauyin ƙwayar gado.

Sauyin iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ake haihuwar mutum da shi, kamar amosanin jini, wanda Hausawa suka sani sarai. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin AS, shi ya sa ake gwaji kafin aure. Na biyu kuwa shi ne wanda yake aukuwa bayan haihuwa, a wani sashe na jiki kaɗai. Mafi yawan sauye-sauyen da ake samu a sankarar huhu na biyun ne. Suna zaune ne a cikin ƙarin da ya fito a huhu, ba su shiga maniyyi ko ƙwan mace, saboda haka uba ko uwa ba su miƙa su ga 'ya'ya. A nan kalmar "gado" takan rikita mai sauraro, domin da zarar Bahaushe ya ji ta, sai ya ɗauka cutar dangi ce, har a fara gudun auren 'ya'yan gidan. Wajibi ne malami ya warware wannan ruɗani tun daga aji.

Sankarar huhu ita ce kan gaba wajen kisa a cikin ire-iren ciwon daji. A shekarar 2022 an ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da ita a duniya, miliyan 1.8 kuma suka rasu. Tun a 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙarta da shan taba a Ingila. A 2016 wani bincike ya gano cewa wanda yake shan kwalin sigari ɗaya kullum, a shekara guda kowace ƙwayar huhunsa takan tara sauyi kimanin 150. Yawancinsu ba su da tasiri, amma idan ɗaya ya faɗa a kan ƙwayar gadon da take umurtar ƙwayar halitta ta hayayyafa, ko wadda take tsawata mata ta tsaya, to ƙari ya samu tushe.

Dangane da yawan waɗannan sauye-sauye, an fi nazarin nau'in da ake kira adinokasinoma, wanda ya fi kowane nau'i yawa. Kimanin rabin masu wannan nau'i suna da sauyi a ƙwayar TP53, wadda aikinta shi ne tsawatarwa. Sauyin KRAS, wanda aka fi samu ga mashaya taba, yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari a Turai da Amurka, amma a gabashin Asiya bai cika wuce kashi 10 ba. Sauyin EGFR kuwa akasin haka ne: kashi 10 zuwa 15 a tsakanin Turawa, amma kashi 40 zuwa 50 a Sin da Japan da maƙwabtansu, kuma ya fi yawa ga mata da waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Sauyin ALK, wanda Hiroyuki Mano da abokan aikinsa suka gano a Japan a 2007, yana wajen kashi 5, kuma an fi ganinsa ga masu ƙarancin shekaru.

Amfanin waɗannan alƙaluma ya bayyana ne a fagen magani. Lokacin da aka fara ba da maganin gefitinib, likitoci sun lura cewa wasu 'yan tsiraru suna samun sauƙi na ban mamaki, saura kuwa ko gezau. A 2004 ƙungiyoyin masana biyu a birnin Boston suka gano dalili: waɗanda maganin ya karɓa su ne masu sauyin EGFR. Daga nan aka samu crizotinib domin masu ALK a 2011, da osimertinib a 2015, da sotorasib domin wani reshe na KRAS a 2021. Magungunan haɗiya ne, ba su cika warkar da cutar da ta bazu ba, kuma ƙarin yakan sake sauyawa ya bijire musu, amma sun ƙara wa marasa lafiya da yawa watanni ko shekaru na rayuwa cikin sauƙi. Wato ke nan, mutum biyu masu ciwo ɗaya a ido, maganinsu kan bambanta, kuma gwaji ne kaɗai yake rarrabewa.

Tunda yawan sauyin ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, ba daidai ba ne a ɗauko alƙaluman Tokiyo ko Landan a ɗora wa mutumin Dutse. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kacal na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu suke da asali da Afirka. Ɗan abin da aka tattara kan sankarar huhu a nahiyar ma, mafi yawansa daga arewacin Afirka ne da Afirka ta Kudu. Bugu da ƙari, abin da huhun mutanen tsakiyar Jigawa yake shaƙa ya sha bamban. Macen da take girki da itace ko kara a ɗakin girki marar taga a Kiyawa ko Jahun tana shaƙar hayaƙin da hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya, a 2006, cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa sankara. Mai fasa dutse a kewayen Dutse yana shaƙar ƙurar da wannan hukuma ta tabbatar da haɗarinta. Saboda haka kuskure ne a ce wanda bai taɓa shan taba ba ya tsira.

Babbar matsala a nan ita ce kamannin cutar da tarin fuka. Tari mai daɗewa, da kaki mai jini, da rama, da ciwon ƙirji, duk alamomi ne na cututtukan biyu. Da yake tarin fuka ya yawaita a Nijeriya, shi ake fara zato, kuma mara lafiya kan shafe watanni yana shan maganinsa alhali ƙari yana girma. Sai dai abin ƙarfafa guiwa shi ne, karanta ƙwayoyin gado ba baƙon abu ba ne a asibitocin ƙasar nan. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, aikinta ke nan: tana duba kaki ta gano ƙwayar tarin fuka, har da sauyin da yake sa ta bijire wa magani, cikin awa biyu. Gwajin sankara ya fi wannan wuya da tsada, domin sai an ɗebo ɗan yankin ƙarin, kuma galibi sai an tura mara lafiya manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Duk da haka, samuwar Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da asibitin Rasheed Shekoni, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ta ba jihar wuraren da za a iya fara tattara bayanan marasa lafiyarta.

Malamin da zai koyar a ƙauye, sau da yawa shi ne mai karanta wa jama'a takardar asibiti, kuma maganarsa tana da nauyi. Abu uku ne suka rataya a wuyansa. Na farko, ya fahimtar da mutane cewa sankarar huhu ba ta yaɗuwa kamar tarin fuka, kuma galibi ba gadonta ake yi ba, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita ko zuriyarsa. Na biyu, ya nanata cewa tarin da ya wuce mako biyu na asibiti ne, kuma idan gwajin kaki bai nuna tarin fuka ba, ko an sha magani ba a ga sauƙi ba, a koma wurin likita a nemi ƙarin bincike. Na uku, ya tsare ɗalibansa daga sigari da shisha, ya kuma ƙarfafa girki a sarari ko a ɗaki mai iska. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma kowane mara lafiya da aka gano cutarsa da wuri, aka yi masa gwaji, ya amfani kansa, ya kuma taimaka wajen samar da alƙaluman da likitocin Jigawa za su dogara da su.