Lambobi Ba Su Rowa Ta Fuska Biyu

Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci a Kurfi ko Dutsin-Ma ya iya tarawa da ninkawa, ba mai cutarsa wajen awon gero. Amma sau da yawa yakan zaci iyakar rabonsa ke nan a lissafi. Alhali kuwa cikin abin nan biyu da ya koya akwai mas'alar da ta wahal da manyan masana, shi ma yana iya gwada ta a kan allo.

A ɗauki lambobi huɗu: 1, 2, 3, 4. A riƙa haɗa su biyu biyu, har kowace da kanta. Amsa iri 7 kaɗai za ta fito, daga 2 zuwa 8, domin waɗansu suna karo: 1 da 4 daidai yake da 2 da 3. In kuwa aka ninka su biyu biyu, amsa iri 9 za a samu.

Sa'an nan a ɗauki 1, 2, 4, 8. Nan sai al'amari ya juya. Ninkawa ta ba da iri 7, gama 1 sau 8 daidai yake da 2 sau 4, tarawa kuwa ta ba da iri 10. Watau jerin da ya yi rowa wajen tarawa yakan yi kyauta wajen ninkawa, wanda ya yi rowa wajen ninkawa ya yi kyauta wajen tarawa.

A 1983 masana biyu na ƙasar Hangari, Paul Erdos da Endre Szemeredi, suka kafa hujja cewa ba katari ba ne. In lambobi suka yi yawa, kome dabarar mai zaɓensu, tilas ɗaya daga cikin jerin amsoshin nan biyu ya bunƙasa, ya zarce yawan lambobin nesa. Elekes a 1997 da Solymosi a 2009 suka ƙara wa hujjar ƙarfi.

Irin wannan bincike ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Muhammadu al-Kashinawi ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Tun 2011 kuma ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma. Saboda haka kada mai karatu ya raina abin da ya koya. Ya ɗauki alli ya gwada 1, 2, 3, 4, 5. In ya sami 9 wajen tarawa, 14 wajen ninkawa, ya zaunar da ɗansa ya nuna masa dalili.