Kayan Da Majinyata Ke Bari A Baya

A ɗakin maza na wani babban asibiti da ke Badun, akwai wani ɗan kabad a bayan teburin sista wanda ba a ajiye magani a cikinsa. Kayan da majinyata suka manta ne ke ciki: buta, carbi, kwanon sha, tabarau mai ƙafa ɗaya, har da haƙoran roba a cikin gwangwanin madara.

Dalilin taruwarsu ba ɓoyayye ba ne. Ranar da likita ya sallami mutum, hankalin 'yan'uwansa yakan koma kan biyan kuɗi da neman mota, ba mai tunawa da ƙarƙashin matashi. Sa'an nan duk wanda za a shiga da shi tiyata sai an raba shi da zobe da agogo da laya, kafin ya farfaɗo kuwa masu aikin safe sun tashi, na dare sun karɓa.

Ta haka ne wani dattijo mai fataucin goro ya tafi ya bar ɗamararsa ta fata. Mai shara ya so ya jefa ta cikin kayan ƙonawa, don ta tsufa ta sha gumi. Sistar ɗakin, wata Bayarabiya, ta hana. Ta kira wata nas ta tsaya shaida, suka buɗe, suka sami 'yan kuɗi da wata takarda da aka rubuta da ajami, wadda ba wadda ta iya karantawa a cikinsu. Ta rubuta ranar da lambar gado da siffar kayan a littafi, su biyu suka sa hannu, ta kulle.

To, ina za a sami mai ita? Abin da ke kan katinsa a gurbin adireshi kalma ɗaya ce: Sabo. Unguwar nan kuwa, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916, cike take da fatake masu shiga da fita, Alhazai masu suna iri ɗaya ba su ƙirguwa. Sai ta roƙi mai shayin bakin ƙofar asibiti ya kai magana fadar Sarkin Hausawa, aka yi cigiya a masallaci bayan sallar Juma'a. Malaman fiƙihu sun ce tsintuwa a yi cigiyarta shekara guda. Baiwar Allah nan ba ta taɓa jin wannan hukunci ba, amma shi ta bi. Abin takaici, da a ce ɗamarar ta salwanta, ita za a fara zargi, alhali ba a ƙara mata ko kwabo a kan wannan ɗawainiya.

Bayan mako shida wani saurayi ya zo. Ashe tsohon ya riga mu gidan gaskiya, an kuma kasa raba gado, domin ba wanda ya san masu binsa bashi da waɗanda yake bi. Takardar nan ita ce lissafin. Sista ta yi masa ta'aziyya, amma ta ƙi miƙa masa kome sai da ya faɗi launin fatar da irin ɗinkinta. Ransa ya ɗan ɓaci, ya dai faɗa daidai, ya dangwala yatsa a littafi, ya karɓa.

Haƙoran roban kuwa, da ta mai da makulli, suna nan cikin gwangwaninsu, ba wanda ya zo nema.