Ƙasar Dankali: Daga Jos Zuwa Bokkos

Wanda ya saba da zafin Kano ko na Yola, idan ya hau dutsen Jos a watan Yuli, abin da zai fara nema shi ne rigar sanyi. Ƙasar tana bisa tudu, wajen ƙafa 4,000 sama da bakin teku. Wannan sanyi kuwa shi ne arzikin mutanen wurin, gama shi ne abin da dankalin turawa yake so. A ƙasa mai zafi yakan yi ganye, amma ba ya zuba 'ya'ya yadda ya kamata.

Mun tashi daga Jos da sassafe, muka bi ta Bukuru da Barikin Ladi, sa'an nan muka kama hanyar Bokkos. Dama da hagu ga tulin jar ƙasa da manyan kududdufai, watau ramukan da masu haƙar kuza suka bari. Da ruwan nan ne waɗansu suke noman rani. Gonaki kuma ga su kewaye da shingen ƙyarana, mata da yara sun duƙufa a cikin kunya suna tono, gama wanda aka shuka da ruwan fari yakan isa cirewa bayan wata 3.

Sunan dankalin nan yakan ruɗi mutane. Asalinsa ba daga Turai ba ne, daga duwatsun Andis ne a Amurka ta Kudu. Mutanen Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16, Turawan kuza da 'yan mishan kuma suka kawo shi nan. Yau ya zama na Ron da Mwaghavul da Berom. A kasuwar Maikatako mun ga buhuna jibge, manyan motoci suna lodi zuwa Kano da Legas. Da kuɗin nan ake biyan makarantar yara, da shi ake sa kwano a ɗakin sujada.

Amma noman ba wasa ba ne. Akwai wata cuta da takan zo idan ruwa da hazo sun yi yawa, ganye ya yi baƙi, gona ta ruɓe cikin 'yan kwanaki. Ita ce ta faɗa wa ƙasar Ailan a 1845, har yunwa ta kashe mutum wajen miliyan 1. Ma'aikatan tashar binciken dankali da ke Kuru suna fama da ita. Har wa yau, a lokacin Kirsimati na 2023 an kai hari ƙauyuka da yawa na Bokkos da Barikin Ladi, mutum fiye da 100 suka rasu, waɗansu kuma suka bar gonakinsu. Ku riƙa tunawa da 'yan'uwan nan cikin addu'a.

Mun sauka a gidan wani mai bishara. A can muka ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, domin a birane mun mai da dankali abin suya kaɗai. A fere shi, a yanka, a tsoma cikin mai har ya sha ya ƙoshi, a ba yaro da safe. Ga tsadar mai, ga shi kuma ba abin da jiki yake bukata kullum ba ne. Uwargidan mai bishara ba haka ta yi ba.

Ta zaɓi ƙanana, kamar girman ƙwan kaza, wajen 10. Ta wanke su sarai, ta zuba a tukunya da ɓawonsu, da ruwa daidai wanda zai rufe su, da ɗan gishiri. Muka ce, "Mama, ba za a fere ba?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, ai in na fere na yanka, rabin daɗin ruwa ne zai shanye." Maganarta tana kan hanya. Dankali yana da bitamin C, wanda yakan narke ya bi ruwa idan an yanka shi kafin a dafa, ɓawon kuwa yakan tsare shi.

Kafin tukunya ta nuna ta yanka kabeji siriri-siriri, da karas 2, da albasa, da tumatir. Kabejin da karas ta zuba musu tafasasshen ruwa na ɗan lokaci ta tsane, saboda cikin yara. Ta daka ƙuli-ƙuli da ɗan barkono, ta dama da ruwa kaɗan kamar za ta yi kwaɗon zogale. Bayan minti 20 ta soka wuƙa cikin dankalin, ta shige ba gardama. Ta zubar da ruwan, ta bari ya sha iska, ta raba kowane gida huɗu, ta haɗa duka a akushi. Man gyaɗa cokali 1 kaɗai ta sa, ta matse rabin lemun tsami a kai. Shi ke nan.

An ajiye mana shi a gefen dafaffen wake. A ganinmu ya fi soyayye nesa ba kusa ba, ba ya gundura, ba ya kuma kwanta wa mutum a ƙirji. Ƙuli-ƙulin nan ba ado ba ne, gama dankali shi kaɗai ƙarfi yake bayarwa, abin gina jiki kaɗan ne a cikinsa. Gyaɗa da wake su ne suke cike wannan giɓi ga yaro mai tasowa. Mai ciwon sukari dai ya ɗibi dankalin kaɗan, ya yawaita ganyen.

Akwai abu ɗaya da uwargidan ta ja mana kunne a kansa. Tun tana zaɓe muka ga ta ware waɗansu guda 2 da suka yi kore a gefe. Dankalin da ya daɗe a rana ko cikin haske yakan yi haka, kuma tare da koren akwai dafi mai sa amai da zawo. Dafuwa ba ta kashe shi. In koren kaɗan ne, a yanke wurin da zurfi, a ƙwaƙule tsiron da ya fito, a fere sauran. In ya yi yawa, ko ya yi ɗaci a baki, a zubar, kada a ce za a yi tattali a ba yara.

Ita a ɗaki mai duhu take shanya nata a ƙasa, inda iska take shiga. Ku da kuke ƙasa mai zafi, kada ku ga araha ku sayi buhu, gama ba zai jima muku ba. Ku sayi na mako ɗaya, ku fitar da shi daga leda, ku zuba a kwando nesa da taga.