Lina Mai Miya

Mutanen Barlin, babban birnin Jamus, sun taɓa laƙaba wa wata mata suna irin wanda muke laƙaba wa masu abincin bakin get. Suna kiranta Suppenlina, wato Lina Mai Miya. Sunanta na gaskiya Lina Morgenstern, Bayahudiya ce, uwar 'ya'ya biyar. Na ci karo da labarinta ina neman bayanai don furojet ɗina a kan yadda ake ciyar da mutane da yawa da kuɗi kaɗan, kuma tun daga lokacin ta ƙi fita daga raina.

Na san da an ce Bayahudiya wasu za su ɗaure fuska, hankalinsu ya tafi Gaza. To matar nan ta rasu a 1909, kusan shekara 40 kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Tukunya ce sana'arta, da alƙalami.

An haife ta a 1830 a Breslau, garin da yanzu yake cikin ƙasar Folan. Tana da shekara 18 ta kafa wata ƙungiya da ake tara kwabo-kwabo don taimaka wa 'yan makaranta 'ya'yan talakawa. A 1854 ta auri Theodor Morgenstern, suka koma Barlin. Ba a daɗe ba kasuwancin mijin ya samu tangarɗa. Ba ta tattara kayanta ta yi yaji ba. Sai ta kama rubuta littattafan yara tana sayarwa, gida ya ci gaba da ɗora tukunya. Duk wanda mahaifiyarsa ta taɓa riƙe gida da kuɗin ƙosai ko na ɗinki lokacin da baba ya rasa aiki, ya san irin wannan matar, ko da bai taɓa jin sunan Breslau ba.

Abin da ya fito da ita shi ne yaƙin 1866 tsakanin Furushiya da Ostiriya. An kwashe magidanta zuwa fagen daga, abinci ya yi tsada, ga kwalara ta shigo gari. A watan Yulin shekarar ta buɗe gidan abincin jama'a na farko, wasu suka biyo baya a unguwanni daban-daban. Tsarin ne ya fi ɗaukar hankalina. Gudummawar masu hali jari ce kawai ta fara aiki. Ana sayen kayan abinci a sari, a dafa a manyan tukwane, matan da ke kula da wurin ba sa karɓar ko sisi, sannan a sayar da abincin a kan kuɗin da aka kashe wajen dafa shi. Babu riba, kuma ba kyauta ba ne. Ka biya ɗan abin da aka yanka, ka zauna ka ci mai zafi, ka tashi ba wanda ya yi maka kallon mabaraci.

Nan ne na ga matar ta san mutane. Akwai yunwar da ke miƙa hannu, akwai kuma wadda ke goge takalmi ta sa riga mai guga ta tafi lakca. Ta biyun ita ce ta cika hostel ɗinmu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sau nawa ka ji wani ya ce "ni na ƙoshi" alhali garin kwaki ya jiƙa tun safe? Akwai wata a ɗakinmu da kan ce azumin Litinin da Alhamis take yi, kuma duk mun san wani lokacin har Talata da Laraba yake haɗawa. Wallahi ko buhun shinkafa aka kawo aka ce a yi layi a karɓa, ba za ka gan ta a layin ba. Amma da za ta samu faranti a rabin kuɗin bakin get, za ta ciro kuɗinta ta saya kanta a ɗage.

Mahaifiyata ta san wannan ba tare da ta karanta kowa ba. Idan ta lura gidan maƙwabta ba a hura wuta ba, ba ta aika tuwo haka kawai. Sai ta ba ƙanena kwano ta ce, "Ka ce wa Maman Yara ta ɗanɗana min miyar nan, kamar gishiri ya yi yawa." Kwanon kuwa ya ishi mutum biyar. Bambancinta da Lina shi ne, Lina ta fito da wannan dabara daga tsakar gida ta yi mata littafin lissafi, ta ciyar da birni.

Da yaƙi ya sake ɓarkewa da Faransa a 1870, ita da matan ƙungiyarta suka tare a tashoshin jirgin ƙasa na Barlin suna ciyar da sojojin da ke wucewa da masu rauni, har da fursunonin Faransawa. A 1873 ta kafa ƙungiyar matan gida don su riƙa sayen kaya a dunƙule su rage wa kansu tsada, daga baya ta buɗe makarantar koyon girki, ta kuma yi shekaru tana fitar da jaridar matan gida. Duk da haka, da ƙyamar Yahudawa ta yi ƙarfi a Barlin daga ƙarshen shekarun 1870, ita ma ba ta tsira daga bakin masu zagi ba. Ta ci gaba da aikinta har tsufa. An binne ta a maƙabartar Yahudawa ta Weissensee da ke Barlin.

Ni dai saura min 'yan watanni in tattara. Amma ga shawara ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da za su karɓi mulki: a cire wani abu daga kuɗin da ake kashewa a bikin makon ɗalibai, a sayi wake da shinkafa da manja a sari lokacin kaka. Muna da 'yan sashen girki da ke neman inda za su gwada hannunsu, muna da 'yan akanta da za su riƙe littafi a manna lissafin a allon sanarwa duk Juma'a. A fara da garau-garau sau ɗaya a rana, da azahar, a makonnin jarrabawa. Kuma kowa ya biya kuɗi ɗaya, har shugaban ƙungiya.